Zangon Ƙarshe na Star Trek: Shekarar da Aka Fi Kushewa, Wadda Kuma Ta Raya Shirin

A daren Talata 3 ga Yuni 1969, tashar talabijin ta NBC a Amurka ta nuna kashi na ƙarshe na shirin Star Trek. Ba a yi wa shirin bikin bankwana ba, kuma babu wani abu a cikin labarin wannan dare da ya nuna cewa tafiyar ta ƙare. Asali ma tun ranar 28 ga Maris ya kamata a nuna shi, sai rasuwar tsohon shugaban ƙasa Dwight Eisenhower ta sa aka ɗage, aka bar shi ajiye fiye da wata biyu. Kwana 47 bayan nan, ranar 20 ga Yuli, Neil Armstrong ya taka duniyar wata, ɗaruruwan miliyoyin mutane suna kallo a talabijin. Wato a daidai lokacin da hankalin duniya ya koma kan sararin samaniya, shirin da ya fi kowane zancen sararin samaniya ya riga ya sauka daga allo.

Har yau masoya Star Trek suna muhawara a kan zangonsa na uku, wanda shi ne na ƙarshe. Mafi yawansu suna ganin shi ne mafi rauni. Abin dubawa shi ne yadda aka yi ya raunana, ko munin nasa ya kai yadda ake faɗa, wa ya kamata a ɗora wa alhakin, da kuma abin da ya sa shirin da ya mutu a wulaƙance ya zama gidan da har yanzu ake ci daga cikinsa bayan fiye da shekara hamsin.

Kumbon da mutanen cikinsa

Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgin sama kuma tsohon ɗan sanda a Los Angeles, shi ya ƙirƙiro shirin. Kamfanin Desilu na 'yar wasan barkwanci Lucille Ball ne ya ɗauki nauyinsa, aka fara nuna shi ranar 8 ga Satumba 1966. Ƙagaggen labari ne na kimiyya da aka ajiye a ƙarni na 23: wani katafaren kumbo mai suna Enterprise, ɗauke da mutum 430, an tura shi aikin shekara biyar don ya leƙa duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa zuwa ba. William Shatner ne ya fito a Kyaftin Kirk. Leonard Nimoy ya fito a Spock, mataimakinsa mai tsinin kunne, wanda uwarsa 'yar Adam ce, ubansa kuma mutumin duniyar Vulcan, inda ake danne son zuciya a bi hankali zalla. DeForest Kelley shi ne Likita McCoy, mai saurin fushi da taushin zuciya.

Abin da ya bambanta shirin a zamaninsa shi ne waɗanda aka zaunar a ɗakin tuƙin kumbon. Ga Uhura, mace baƙar fata mai muƙamin hafsa, wadda Nichelle Nichols ta fito a matsayinta. Ga Sulu ɗan asalin Asiya, wanda George Takei ya taka. Daga zango na biyu aka ƙara Chekov, ɗan Rasha, alhali ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Marubutan sun gano cewa maganar da ba za a bari a faɗa a kan Biyetnam ko wariyar launin fata ba, za ta wuce salin alin idan aka ɗora ta a kan wata duniya mai nisa.

Sai dai shirin bai taɓa shiga sahun gaba a ƙididdigar masu kallo ba. Kuma yana da tsada, domin kusan kowane mako sai an gina sabuwar duniya, an ɗinka sababbin kaya, an haɗa dabarun hoto da a lokacin da hannu ake yin su.

Wasiƙun da suka sayo shekara guda

A ƙarshen 1967 aka fara raɗe-raɗin cewa NBC za ta soke shirin da zarar zango na biyu ya ƙare. Wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka shirya gangamin rubuta wasiƙu, suka aika wa masoya ƙagaggun labaran kimiyya bayanin yadda za su rubuta cikin ladabi da inda za su aika. Wasiƙu sama da dubu 100 suka kwarara ofisoshin tashar. A watan Janairun 1968 ɗaliban jami'ar Caltech suka yi tattaki zuwa ofishin NBC da ke Burbank ɗauke da kwalaye. Ranar 1 ga Maris 1968 tashar ta yi abin da ba a saba gani ba: a ƙarshen shirin wannan dare ta sanar da masu kallo cewa Star Trek zai dawo, abin da kowa ya fahimta a matsayin roƙon a tsagaita da wasiƙun.

Masoya suka yi ta murna, amma tsugune ba ta ƙare ba. Da farko an nuna wa Roddenberry cewa za a ba shirin daren Litinin da misalin ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da iyali ke zaune a gida. Shi kuma ya yi alkawarin komawa kan aikin gadan-gadan idan aka ba shi wannan lokaci. Daga baya NBC ta fifita shirin barkwanci na Rowan and Martin's Laugh-In, wanda ke tashe a daren Litinin, ta jefa Star Trek ƙarfe goma na daren Juma'a. A harkar talabijin ta Amurka wannan lokaci ana ɗaukarsa maƙabartar shirye-shirye. Yaran makaranta sun yi barci, samari da 'yan mata da ɗaliban jami'a sun fita yawon ƙarshen mako, kuma su ne ainihin masu kallon shirin. A wancan zamani na'urar naɗar shiri ba ta yaɗu a gidaje ba. Wanda ya rasa, ya rasa.

Roddenberry ya ja da baya. Sunansa ya ci gaba da fitowa a matsayin babban furodusa, amma ya janye daga aikin yau da kullum, musamman gyaran labarai, wanda nan ne ƙarfinsa yake.

Iya kuɗinka, iya shagalinka

Matsala ta biyu ita ce aljihu. A 1967 Lucille Ball ta sayar da Desilu ga kamfanin Gulf and Western, wanda ya haɗe shi da Paramount. Sababbin masu gidan sun kalli shirin a matsayin abin da ke cin kuɗi ba ya mayarwa. Kuɗin da ake kashe wa kowane kashi, wanda a zangon farko ya kai wajen dala dubu 190, ya sauko ƙasa da dubu 180, alhali albashin manyan jaruman ya ƙaru kamar yadda yarjejeniyarsu ta tanada. Abin da ya rage na gina wurare da ɗauko baƙin 'yan wasa sai ya tsuke sosai.

Mai kallo zai ga alamar hakan da idonsa. A zangon farko akan fita da kyamara cikin duwatsu da filayen California a ce wata duniya ce. A zango na uku kusan duk aikin a cikin ɗakin ɗaukar fim aka yi shi, in ban da "The Paradise Syndrome" da aka ɗauka a bakin wani tafki kusa da Los Angeles. Labarai da yawa suka koma cikin kumbon kacokan. Lungunan Enterprise da a da suke cike da ma'aikata masu kai-kawo suka zama fayau. Shirin da aka gina a kan yawon gano sababbin wurare ya koma zaman gida.

Sai kuma ficewar mutane. Gene Coon, wanda ya ƙirƙiro 'yan Klingon, abokan gabar su Kirk, kuma ya sa wa shirin raha, ya bar kujerar furodusa tun tsakiyar zango na biyu. Labaran da ya bayar a zango na uku da sunan aro na Lee Cronin suka fito. Dorothy Fontana, wadda ta fi kowa sanin halin Spock, ta ajiye aikin tace labarai, kuma da aka sauya mata wasu rubuce-rubucenta yadda ba ta so, ta sa sunan aro a kansu. Robert Justman, wanda ya riƙe ragamar tsare-tsaren aikin tun farko, shi ma ya tafi kafin zangon ya ƙare. Wanda aka ɗauko ya riƙe shirin shi ne Fred Freiberger, gogaggen furodusa amma baƙo a wannan gida.

Abin da ya fito a allo

An buɗe zangon ranar 20 ga Satumba 1968 da "Spock's Brain". Wata mata ta bayyana a cikin kumbon, ta sumar da kowa, ta cire ƙwaƙwalwar Spock ta tafi da ita don ta riƙa tafiyar da injinan wani birni na ƙarƙashin ƙasa. Kirk da McCoy suka bi sawu, suna tuƙa gangar jikin Spock da na'urar hannu. Waɗanda suka ɓata dare suna rubuta wasiƙu da wannan aka tarbe su. Har gobe idan ana lissafa mafi munin kason Star Trek, da wuya a tsallake shi. A sahunsa akwai "And the Children Shall Lead", inda aka ɗauko wani shahararren lauya, Melvin Belli, wanda ba ɗan wasa ba ne, aka ba shi matsayin mugun ruhu, da "The Way to Eden", wanda ya yi ƙoƙarin zana matasan zamanin masu bijire wa al'ada amma ya ƙare a abin dariya.

Rauni mafi girma ba a irin waɗannan labarai yake ba, yana cikin yadda aka riƙa sakin halayen mutanen. Spock da aka sani da kamun kai sai ga shi yana tattauna sirrin auren mutanensa da wata baƙuwa a "The Cloud Minders", abin da a zango na biyu da kyar ya iya faɗa wa amininsa. Cacar bakin da ke tsakaninsa da McCoy, wadda ƙauna ce a ƙarƙashinta, wani lokaci ta koma zafin baki kawai. Irin wannan shi ne aikin mai tace labari, kuma waɗanda suka iya shi sun tafi.

Amma wanda ya ce zangon duka shara ne bai kalle shi da adalci ba. Mako guda bayan "Spock's Brain" aka nuna "The Enterprise Incident" na Fontana, inda Kirk ya yi haukan ƙarya ya kutsa yankin wasu abokan gaba, 'yan Romulan, don a sato na'urar da ke ɓatar da kumbo daga gani. Labarin ya samo tushe daga kama jirgin leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo da Koriya ta Arewa ta yi a Janairun 1968, kuma ma'aikatan jirgin suna tsare a lokacin da aka nuna shi. Kwamandar Romulan mace ce mai hankali da kwarjini, kuma shirin bai ɓoye cewa jarumansa ne suka yi yaudara ba. "The Tholian Web" ya ɗauke Kirk daga fage, aka zaci ya mutu, ya bar Spock da McCoy su koyi zama da juna ba tare da mai raba su ba. "Day of the Dove" ya kawo wata halitta da ƙiyayya ce abincinta, tana hura wutar faɗa tsakanin mutanen Kirk da 'yan Klingon, tana warkar da waɗanda aka sara don yaƙin kada ya ƙare. Ba a ci galabarta ba sai da ɓangarorin biyu suka ajiye takubba. An nuna wannan a shekarar da Amurka ta fi asarar sojoji a Biyetnam.

Wani lokaci ma rashin kuɗin ya zama gobarar Titi. A "Spectre of the Gun" an jefa Kirk da mutanensa cikin garin Tombstone na 1881, amma babu kuɗin gina garin. Sai aka kafa fuskokin gine-gine kawai, babu bango babu rufi, a ƙarƙashin jan sama, aka bayyana cewa daga guntun abin da Kirk ke tunawa aka haɗa wurin. Sakamakon ya fito kamar mugun mafarki, ya fi cikakken gari tasiri. Haka "The Empath", wanda kusan duka a cikin baƙin fili aka yi shi, da wata bebiya mai ɗauke ciwon wasu ta mayar jikinta.

Launin fata a shekarar jini

Kashi biyu na wannan zango sun fi sauran daɗewa a bakin mutane, kuma dukansu a kan launin fata suke. A tuna cewa an harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968, tarzoma ta ɓarke a biranen Amurka da dama, kuma a 1967 ne kawai kotun ƙolin ƙasar ta rushe dokokin da suka hana aure tsakanin farare da baƙaƙe a wasu jihohi.

Ranar 22 ga Nuwamba 1968 aka nuna "Plato's Stepchildren", inda wasu masu ikon juya mutane da tunani suka tilasta wa Kirk da Uhura sumbatar juna. An daɗe ana cewa shi ne karo na farko da aka ga haka tsakanin fari da baƙa a talabijin. Masu bincike sun nuna an riga an yi a wasu shirye-shirye, musamman a Birtaniya, amma wannan ne ya zauna a zukatan Amurkawa. NBC ta ji tsoron tashoshin kudancin ƙasar, ta nemi a ɗauki wani hoton da babu sumbar. Nichols ta ba da labarin cewa da gangan ita da Shatner suka riƙa ɓata wannan ɗaukar har lokaci ya ƙure. Abin lura, a cikin labarin tilas ce aka yi musu, wanda ke nuna iyakar abin da talabijin ta iya ɗauka a lokacin. A Birtaniya kuwa BBC ta ƙi nuna wannan kashi tare da "The Empath" da "Whom Gods Destroy" har zuwa shekarun 1990, bisa dalilin azabtarwar da ke cikinsu.

Na biyun shi ne "Let That Be Your Last Battlefield" na Janairun 1969. Mutum biyu daga duniyar Cheron, kowane rabin fuskarsa fari rabi baƙi, ɗaya yana farautar ɗaya shekara dubu 50. Mutanen Enterprise sun kasa ganin bambancinsu, har sai da mai farautar ya bayyana cewa shi damansa ne baƙi, wancan kuwa hagunsa. Da suka isa duniyarsu sun tarar kowa ya mutu a yaƙin ƙabilanci, amma suka sauka suka ci gaba da bin juna cikin kufai. Masu suka sun ce saƙon ya yi tsirara da yawa, babu gwaninta. Akwai gaskiya a ciki, amma a watannin da biranen Amurka ke ci da wuta, ba lallai ne lulluɓe magana ya zama abin yabo ba.

Wa ke da laifi

Shekara da shekaru sunan Freiberger ne ake ambata idan ana neman wanda ya kashe Star Trek. Da ya je ya riƙe zango na biyu na shirin Space: 1999 a Birtaniya, shi ma ya zama na ƙarshe, sai tambarin ya ƙara manne masa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Freiberger ya tarar an riga an yanke lokacin nunawa, an yanke kasafi, ginshiƙan marubuta sun kama hanya. Nichols da Shatner duka sun kare shi daga baya, suna cewa ya yi abin da zai iya da abin da aka ba shi. Yana da nasa kason, domin shi ya zaɓi labaran kuma bai kama rahar shirin ba. Roddenberry ma yana da nasa, tunda ya bar abin da ya haifa a lokacin da ya fi bukatarsa. Amma babban hukuncin a ofisoshin NBC da Paramount aka yanke shi, kuma lissafin kuɗin talla ne ya yanke shi.

An gama ɗaukar fim a Janairun 1969, a watan Fabrairu aka tabbatar da sokewar. Kashin da ya zama na ƙarshe, "Turnabout Intruder", labarin wata tsohuwar masoyiyar Kirk ce da ta musanya jiki da shi don ta ƙwace kujerar kyaftin, aka nuna ta a matsayin mai taɓin hankali. Ga shirin da ya yi alfahari da hangen gaba, wannan rufewa ce mara daɗi, kuma ba a rubuta ta don ta zama rufewa ba.

Lissafin 79

Zango na farko yana da kashi 29, na biyu 26, jimilla 55. Na uku ya ƙara 24, suka zama 79. A nan duk muhimmancin zangon yake. A Amurka, ribar shiri takan zo ne bayan an gama shi, lokacin da ake sayar wa ƙananan tashoshi su maimaita shi kullum, Litinin zuwa Juma'a. Shiri mai kashi 55 zai ƙare a mako goma sha ɗaya a koma farko, don haka tashoshi ba sa ɗokinsa. Abin da aka fi so shi ne wajen ɗari, amma 79 ya isa a gwada.

Tashoshin kamfanin Kaiser na cikin na farko da suka saya, suka sa shi da yamma, daidai lokacin da manyan tashoshi ke karanta labarai. Yaran da ƙarfe goman dare ta fi ƙarfinsu sai ga shirin a gabansu kullum bayan makaranta. Cikin 'yan shekaru masu kallonsa suka zarce na lokacin da yake sabo. A Janairun 1972 aka yi babban taron masoyansa a New York, aka yi tsammanin 'yan ɗaruruwa, wajen mutum 3,000 suka zo. A 1973 aka dawo da shi a zanen katun da muryoyin yawancin jaruman. A 1976, bayan wani gangamin wasiƙun, Shugaba Gerald Ford ya amince a sa wa kumbon gwaji na farko na sabon jerin kumbunan hukumar NASA suna Enterprise. A 1977 hukumar ta ɗauki Nichols don ta jawo mata da baƙaƙen fata su nemi aikin 'yan sama jannati, kuma rukunin da aka ɗauka a 1978 ya haɗa da Sally Ride, wadda mace ce, da Guion Bluford, baƙar fata. A Disamban 1979 fim na farko ya shiga silima.

Da gangamin Trimble bai yi nasara ba, da shirin ya tsaya a 55, kuma da wuya wani abu cikin waɗannan ya faru. "Spock's Brain" da 'yan uwansa, duk da muninsu, suna cikin adadin da ya cika ma'aunin.

Tafiyar da ba a rufe ba

Shirye-shiryen da suka biyo baya sun samu abin da na asali bai samu ba, wato sanin ranar ƙarewa. The Next Generation ya yi zango bakwai, ya rufe a Mayun 1994 da "All Good Things", wanda ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya. Voyager ya dawo da kumbonsa gida a Mayun 2001 bayan shekara bakwai na ɓata. Shirin da aka sa wa suna Enterprise kuwa an soke shi a 2005 bayan zango huɗu, kuma kashinsa na ƙarshe ya fusata masoya da yawa duk da cewa an shirya shi, abin da ke nuna sanin ranar ma ba ya tabbatar da kyakkyawan ƙarshe.

Na asalin ya tsaya ne a shekara ta uku cikin biyar, babu wanda ya mutu cikin manyan jaruman, babu wanda ya koma gida. Wannan giɓi ya ba marubutan littattafai da masu katun da masu fim fili su shiga. Mutanen Kirk ba su yi sallama ta gaskiya ba sai a fim na shida, The Undiscovered Country, wanda ya fito a Disamban 1991, inda aka ƙulla sulhu da 'yan Klingon a watan da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Shekara 22 ke nan bayan sokewar.

Hukuncin da ya dace da zango na uku shi ne a raba shi gida biyu. A ma'aunin fasaha ya gaza na farko da na biyu, kuma ba a bukatar a yi masa kwaskwarima: wajen kashi shida ko bakwai ne za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na baya, wasu kuma ba su da abin karewa. A ma'aunin tarihi kuwa babu zangon da ya kai shi amfani ga Star Trek. NBC da Paramount sun ba da shi ne suna ganin sun sallami masu wasiƙu da mafi arhar abin da za su iya, kuma Paramount ɗin ce ta shafe shekaru fiye da hamsin tana kwasar riba daga abin da waɗannan kashi 24 suka sa ya yiwu.